Ku Tambaya Mu Amsa: 'Yan rakiyar motar kuɗi da sauran kaya masu haɗari

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon yawancinsu kan abu ɗaya suka taru, wato jami'an da ke raka motocin kuɗi da fursunoni da sauran kayan da in suka faɗa hannun da bai dace ba an shiga uku. Na haɗe masu kama da juna, wasu kuma na rage musu tsawo, a yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni direba ne ina jan Sharon tsakanin Funtuwa da Kano. Dan Allah waɗannan 'yan sandan da ke bin motar kuɗi su waye ne, runduna ce ta daban ko kuwa duk wanda aka gani a ofis ake ɗauka? Sannan me yasa basa tsayawa ko a danja, su taho da jiniya suna zuro bulala ta taga kamar hanyar ta gidansu ce, rannan saura kaɗan su jefa ni kwalbati ga fasinja cike da mota.
Daga wani direba, Funtuwa

AMSA: Sannu direba, Allah ya ƙara tsarewa. Yawancin waɗanda kake gani a bayan motar kuɗi mopol ne, wato 'yan sandan kwantar da tarzoma, masu baƙar riga da wandon kaki. Asali ba don rakiya aka kafa su ba, tun farkon shekarun 1960 aka ƙirƙiro su saboda in rikici ya fi ƙarfin 'yan sandan caji ofis a turo su, shi ya sa aka rarraba su runduna-runduna kowace da lambarta, ta 1 a Kaduna, ta 9 a Kano, haka dai. Horonsu ma daban ne, suna da makaranta a Gwoza ta jihar Borno wadda Boko Haram suka taɓa mamayewa a Agustan 2014, akwai ta Ila-Orangun a Osun, da wata a jihar Nasarawa. Daga baya aka buɗe wani sashe da ake ce wa SPU wanda shi takanas aikinsa gadin manyan mutane da rakiya, da nufin a sakar wa mopol mara su koma aikinsu na asali, amma har yau in ka leƙa bayan motar banki mopol ɗin dai za ka fi gani.

Dalilin da ya sa dole sai ɗan sanda kuwa, dokar kamfanonin gadi ta 1986 ce ta hana mai gadi na kamfani riƙe bindiga a Najeriya. A Afirka ta Kudu misali, ma'aikatan kamfanin dakon kuɗi su da kansu suke riƙe makamansu, mu a nan ba haka ba ne, mota da direba da masu ɗaukar akwati na banki ne ko na kamfanin da Babban Banki ya ba lasisin dakon kuɗi, bindiga kuma ta gwamnati ce, sai a nemi kwamishina ya bada mutane a biya. Babban Bankin ne kuma ya wajabta motar ta zama mai sulke, ba irin Peugeot 504 ɗin da ake jibga wa akwatin ƙarfe a baya a da ba.

Maganar rashin tsayawa, a nan dai suna da hujja, gaskiya ɗaya ce. Motar kuɗi in tana gudu da wuya a iya da ita, ɗan fashi ba ya tarar ta a miƙaƙƙen titi, yana jiranta ne a inda dole ta rage gudu, danja, shataletale, bakin gada, wurin da titi ya farfashe, ko cikin gosulo. Harin da aka kai wa motar kuɗi a Idi-Ape cikin garin Ibadan a Fabrairun 2022 da rana tsaka aka yi shi a mahaɗar hanya, aka kashe 'yan sanda aka kwashi kuɗi. To abin da ake koya musu shi ne mota ɗaya a gaba tana buɗe hanya, motar kuɗi a tsakiya, ɗaya a baya, kuma kada a bari wata mota ta kutso tsakaninsu ko ta liƙe musu a gindi, in ma an buɗe wuta direban motar kuɗin ba a so ya tsaya taimakon kowa, ya taka mota ya fice, 'yan rakiya su ji da sauran. Saboda haka in ka gansu ta madubi ka sa sigina ka raɓe, kar ka ce sai ka nuna kai ma da haƙƙinka, mutumin da ke bayan motar nan a tsorace yake kuma yatsansa na kusa da kunama, bai san kai direban haya ba ne ko kai ne wanda aka turo ya tare hanya.

Amma bulala fa babu ita a kowace doka, wannan zalunci ne kawai da ya zama al'ada. Kuma ni a ganina ita kanta jiniyar ta fi cutarwa fiye da amfani, domin talla ce, kana sanar da gari gaba ɗaya ga kuɗi nan tafe tun daga nesa. 'Yan sandan Landan suna da wani sashe na rakiya tun 1952, su ke raka gidan sarauta da baƙin shugabanni da manyan fursunoni, a kan babura suke, ɗaya ya yi gaba ya tsare mahaɗa da usur a baki, ayari ya wuce a nitse ba tare da ya tsaya ba, wani kuma ya riga ya wuce ya kama mahaɗa ta gaba, sau da yawa ma sai sun wuce mutane ke gane an wuce da wani. Mu kuwa gudun kwamba ya ci rayuka ba adadi, wanda aka fi tunawa shi ne Farfesa Festus Iyayi tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU, ranar 12 ga Nuwamban 2013 yana hanyar zuwa taron ƙungiyar a Kano wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da tasu kusa da Lokoja ya rasu. In an sake yi maka irin wannan, kar ka yi musu a titi, riƙe lambar mota da wuri da lokaci ka kai wa sashen karɓar koke na 'yan sanda, CRU, da aka buɗe a 2015. Ba kullum ake dacewa ba amma akan dace.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Maigidana mopol ne kuma yanzu an maida shi eskot na banki, wani lokaci da asuba zai fita sai dare. Wallahi hankalina baya kwanciya, shi kuma in na yi magana sai ya ce ai motar mai sulke ce. Shin da gaske aikin nan ba hatsari kamar yadda yake faɗa?
Daga wata uwargida, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Maigidanki yana kwantar miki da hankali ne, kuma ya kyauta, amma tunda kin tambaya ba zan ɓoye miki ba. Motar mai sulke ce, eh, sai dai wa ke cikinta? Kuɗi da direba da ma'aikacin banki, wataƙila da ɗan sanda ɗaya a gaba. Sauran fa? Ki lura duk ranar da suka wuce ki, suna bayan Hilux a buɗe, an kafa benci a tsakiya sun zauna sun ba juna baya, bindiga tsakanin gwiwoyi, rana na dukansu ƙura na shiga ido, wani da rigar sulke wani babu, wani hular kwanon ma a hannu take saboda zafi. Akwai matakin sulke da ake kira B6 wanda ke tare harsashin AK47, an saya wa takardar naira shi, ba a saya wa wanda ke tsaron takardar ba. Kuma duk ɗan fashin da ya san abin da yake yi motar 'yan rakiya yake fara buɗe wa wuta, sai ya gama da su sannan ya juyo kan akwati. Wannan shi ne babban abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da tsarin namu, kuma ba abu ne da ya gagara ba, bankin da ke iya ɗaukar ɗaruruwan miliyoyi a tafiya ɗaya ba zai kasa sayen motar rakiya mai sulke ba in an tilasta masa.

Abu na biyu, da ɗan gari akan ci gari. Da wuya ka ji an tare motar kuɗi a ce dace aka yi, sai an san ranar, an san hanyar, an san ko cike take ko wayam. Ki ƙirga mutanen da ke sanin za a tashi, manaja, mai kula da ma'ajiya, direba, wanda ya rubuta sunayen 'yan rakiya, mai gadin ƙofa, har mai shayin bakin banki da ya saba ganin duk Litinin ƙarfe tara motar na fita. Shi ya sa inda aka ɗauki abin da gaske ba a maimaita lokaci ɗaya da hanya ɗaya, ba a gaya wa 'yan rakiya inda za a sai an hau mota, wani wurin har wayoyi ake karɓewa a bar su da oba-oba kawai. A nan ke ma kina da rawar takawa, kar ki riƙa tambayarsa a waya ina kuke yanzu, yaushe za ku taso, kar kuma a ji a bakinki a gidan biki cewa ai Baban su yau Zariya suka yi da kuɗi, balle a sa a sitatus ana Allah ya kiyaye hanya. Addu'a a yi ta a kan sallaya ta wadatar.

Kuma kar a ɗauka ganin kaki yana korar kowa yanzu. A ranar 5 ga Yulin 2022 'yan bindiga sun buɗe wa tawagar share fage ta shugaba Buhari wuta kusa da Dutsinma a hanyarsu ta zuwa Daura, a Mayun 2023 kuma aka far wa ayarin ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Ogbaru ta jihar Anambra aka kashe ma'aikata da mopol ɗin da ke rakiyarsu. Ga ƙarancin mutane, 'yan sandan ƙasar nan duka ba su kai 400,000 ba ga mutum sama da miliyan 200, cikin waɗannan ɗin ma an kwashi masu yawa an raba wa 'yan siyasa da 'yan kasuwa, wani riƙon jakar madam yake wani buɗe get. Kusan duk sufeto janar da ya hau sai ya ce an janye su, bayan wata biyu ka gansu sun koma, a Nuwamban 2025 shugaba Tinubu da kansa ya bada umarnin a janye su, ya ce mai son gadi ya nemi sibil difens. Muna nan muna kallo.

Shawara ta ƙarshe, kuma ki yi haƙuri da ita, ba fata nake ba. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta a yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ku zauna da shi cikin raha ki tabbatar takardar magajinsa ta ofis an sabunta ta, domin da yawa tun suna samari suka rubuta sunan wa ko kawu ba su sake waiwaya ba, kuma ki san lambar aikinsa da rundunarsa. Allah ya tsare shi ya dawo miki da shi lafiya kullum.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne a Samaru. Muna gardama a hostel wani ya ce wai an taɓa fitar da sinadarin bam na nukiliya daga ABU da sojoji aka kai China, ni na ce ƙarya ne ina Zariya ina nukiliya. Ka raba mana.
Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Ƙanena ka faɗi gardama, ka je ka ba abokinka haƙuri, ko da yake shi ma ya ɗan sa gishiri. A cibiyar binciken makamashi ta ABU, CERT, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike mai suna NIRR-1, ƙirar China, ya fara aiki a 2004. Ƙarfinsa kilowat 30 ne kacal, ba wuta yake ba gari ba, gwaje-gwaje ake da shi, a gano sinadaran da ke cikin ƙasa ko dutse ko abinci. Matsalar ita ce makamashin da aka zuba masa tun farko yuraniyom ne da aka tace sosai, wajen kashi 90 cikin 100, irin wanda ake haɗa makami da shi. Kusan kilo ɗaya ne, bai isa bam shi kaɗai ba ko kusa, amma ba abin da za a bari a yankin da ake fama da Boko Haram ba ne. Sai aka haɗu, Najeriya da Amurka da China da hukumar nukiliya ta duniya IAEA, aka sauya masa makamashi zuwa mara ƙarfi wanda ba ya yin makami, tsohon kuma aka ciro shi a Oktoban 2018, daidai lokacin da rikicin Kasuwan Magani ya sa aka kafa dokar hana fita a Kaduna, sojoji suka yi rakiya, a Disamba aka ɗora shi a jirgin dakon kaya daga filin jirgin Kaduna zuwa China, cikin wani tulun ƙarfe mai nauyin gomman tan saboda abu mai nauyin kilo ɗaya. Ghana ta riga mu, ta mayar da nata a 2017.

Abin da nake so ka lura da shi, ku da kuke kwana a Samaru ba ku ji ba sai a gardamar hostel bayan shekaru, kuma wannan shi ne alamar an yi aikin da kyau. Ƙasashen da ke yawan jigilar irin wannan kaya runduna guda suke warewa. Ingila na da 'yan sandan nukiliya zalla, rundunarsu ta yanzu a 2005 aka kafa ta, a ƙasar da yawancin 'yan sanda ba sa riƙe bindiga su kusan duka suna riƙewa, kuma suna da sashen rakiya da ke bin kaya har cikin teku a jiragen ruwan da aka girke wa manyan bindigogi, da irin waɗannan jiragen aka kwashi kilo 331 na fulutoniyom, wani sinadarin da shi ma ake haɗa makamin nukiliya da shi, daga Japan zuwa Amurka a 2016. Amurka kuma tun 1975 take da ofishi na musamman da ke jigilar makaman nukiliya a titi, tirelolinsu ba rubutu ba alama, in ka gansu ka ce kayan masarufi ne, masu rakiya na cikin motoci na yau da kullum a gaba da baya, ana bin sawunsu daga cibiya a Albuquerque dare da rana.

Jamus ce ta sha bamban, ita nata ba ɓarayi ne matsalar ba, 'yan ƙasa ne. A da, har zuwa 2011, duk lokacin da za a kai sharar nukiliya ma'ajiyar Gorleben sai dubban masu zanga-zanga su fito su zauna a kan layin dogo, wasu su ɗaure kansu da sarƙa, manoma su tare hanya da tarakta, a Nuwamban 2011 sai da aka baza 'yan sanda wajen 20,000 kuma tafiyar ta ci sama da kwana biyar.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa daga Nijar. Tun muna yara muke ganin manyan motoci daga Arlit suna wucewa da sojoji gaba da baya. Ina suke kai kayan, kuma in mota ta faɗi zai iya fashewa?
Daga wani mai karatu, Tawa

AMSA: Muna amsawa, a gaida mutanen Adar. Abin da ke cikin motocin nan garin yuraniyom ne, wani gari rawaya da ake samu bayan an niƙe dutsen an wanke shi da sinadarai, a ɗura a durom-durom na ƙarfe a rufe a jera cikin kwantena. Tun 1971 kamfanin SOMAIR ke haƙa a Arlit, ma'aikatar kamfanin COMINAK kuma ta Akokan ta rufe a Maris 2021. Hanyar da aka saba ita ce Arlit zuwa Agadas zuwa nan Tawa, titin da ma saboda shi aka shimfiɗa shi har ake ce masa hanyar yuraniyom, a gangara Dosso da Gaya a tsallaka Benin har tashar ruwan Kwatano, daga nan jirgi ya kai Faransa a ci gaba da tacewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe wannan hanya ta tsaya, rigima ta ɓarke da kamfanin Orano na Faransa mai babban kaso a SOMAIR, har gwamnati ta ƙwace SOMAIR ta maida shi na ƙasa a Yunin 2025.

Fashewa kam ba ya yi, ko wuta aka sa masa ba zai tashi kamar bam ba, tsakaninsa da makami akwai aiki mai nisa da sai manyan masana'antu. Haɗarinsa a shaƙa ne ko a haɗiya, ko ya shiga rijiya da gulbi, yana lalata ƙoda. Saboda haka in mota ta faɗi durom ya fashe aikin 'yan rakiya na farko shi ne su kore mutane nesa, kuma don Allah a kore ɗin a tafi, kar a yi irin abin da muke yi in tankar mai ta faɗi kowa ya sheƙo da bokiti. Rakiyar sojan kuma tana da dalili, ranar 23 ga Mayun 2013 an kai harin ƙunar baƙin wake da mota a ma'aikatar SOMAIR ɗin kanta, rana ɗaya da na barikin soja a Agadas.

TAMBAYA: Me ya sa ake kai manyan masu laifi kotu a mota, ba a tsoron 'yan uwansu su tare hanya su ƙwace su? Kuma 'yan sanda ne ke kai su ko gandirobobi?
Daga wata malamar makaranta, Bauchi

AMSA: Malama ana tsoro mana, kuma yana faruwa har a ƙasashen da muke ganin sun gama tsaro. Ranar 14 ga Mayun 2024 a Faransa, ana dawo da wani fursuna Mohamed Amra daga kotu a Rouen zuwa gidan yarin Evreux, motar ta tsaya a tolget na Incarville, wata mota ta zo ta gaba ta daki tasu, mutane suka fito da manyan bindigogi suka kashe gandirobobi 2 suka raunata 3 suka tafi da shi, cikin 'yan mintoci aka gama. Gandirobobin ƙananan bindigogi ne a hannunsu, motar kuma ba sulke. Sai a Fabrairun 2025 aka kamo shi a Bukares ta Romaniya. Kin ga dai inda aka tare su, wurin da dole a tsaya, kuma maharan sun san ranar da lokacin.

A nan gida, in mutum na hannun 'yan sanda su ke kai shi kotu karon farko, da zarar alƙali ya ce a ajiye shi a gidan gyaran hali to ya koma hannun gandirobobi, su za su riƙa kai shi suna dawowa da shi, suna da nasu sashen masu ɗauke da makamai, in shari'ar babba ce a ƙaro mopol ko DSS. Tun dokar 2019 aka sauya wa hukumar suna daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, motar ma da aka sani da Bilak Mariya yanzu koriya ce.

Sai dai ni abin da ya fi damuna a namu ba ƙwace fursuna ba ne, lafiyar wanda ke cikin motar ce, domin shi ma amana ne a hannun mai rakiya. A Maris 1980 a Legas an cusa mutane a Bilak Mariya aka bar su a rufe cikin rana, kimanin 50 suka mutu saboda rashin iska, mutanen da ko hukunci ba a yanke musu ba. Sannan ga rashin motar ma gaba ɗaya, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, kuma sau nawa ake ɗage zama don an ce ba mota ko ba mai, mutum ya ƙara wata uku a ciki saboda lita ashirin ta dizal. Sauraron shari'a ta bidiyo daga cikin gidan yari zai rage duka biyun, an gwada a wasu jihohi lokacin korona, ya kamata a ɗore.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina zuwa kasuwannin ƙauye da kuɗi masu ɗan yawa saboda manoma basa yarda da tiransifa. Zan iya ɗaukar 'yan sanda su raka ni, kuma ta ina ake bi?
Daga wani Alhaji, Dawanau

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Ana iya nema, hanyar da ta dace ita ce a rubuta wa kwamishinan 'yan sanda na jiha, yanzu ma akwai shafin intanet na POSSAP da ake cike buƙata a biya kuɗin a asusun gwamnati a ba ka risit. Abin da ban ba ka shawara ba shi ne ka shirya da wani kofur a bayan fage ka ba shi na cefane ya ɗauko bindiga ya shiga gaban motarka, ranar da wani abu ya faru ofishinsa zai ce bai san da fitarsa ba, kai kuma ka shiga bayanin da ba ka da amsarsa.

Amma ka yi lissafi tukuna. Ɗan sanda ɗaya ko biyu ba za su tare mutum talatin a kan babura ba, abin da za su yi kawai shi ne su nuna wa infoma na bakin kasuwa cewa wannan motar akwai abu a ciki, ka tashi daga mai sayen masara ka koma wanda za a nemi kuɗin fansa a kansa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba kowa ke ɗaukar dakarunsa ba, ayari ake haɗawa, madugu ya tsara tafiya, jagaba ya yi gaba ya dubo hanya, a san zangon da za a kwana tun kafin a tashi. Kusan abin da ake yi kenan yau a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau da ta Maiduguri zuwa Gamborun Ngala, motoci su taru su jira sojoji a tafi tare, a Agadas ma an daɗe ana tashi ranar Litinin a bi ayarin soja zuwa Dirku. In hanyar da kake bi ta kai haka, ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta nemi rakiya da sunanta, ya fi arha ya fi kwarjini. In ba ta kai ba, ka rage tsabar kuɗin, ka samu amintaccen mai POS ko dillali a can ka tura masa ya biya manoma, ka daina zuwa rana ɗaya a mota ɗaya, kuma yaran shago ba sai sun san ranar tafiyarka ba.

TAMBAYA: Nakiyar da masu fasa dutse ke amfani da ita, haka kawai ake ɗaukota a mota?
Daga wani matashi, Gusau

AMSA: A'a, a doka sai da lasisi daga ma'aikatar ma'adinai, kuma 'yan sandan sashen kwance bam, EOD, su ke raka ta daga ma'ajiya zuwa inda za a yi aiki. Ƙa'idar ita ce ba a haɗa nakiyar da abin tayar da ita wuri ɗaya, ba a tsayawa cikin gari, ba a shan taba kusa. Duk da haka ana samun matsala, ranar 28 ga Maris 2020 wata mota ɗauke da nakiya ta tashi a hanyar Akure zuwa Owo ta haƙa rami ta raba titin biyu, ta lalata coci da makaranta da gidaje a kusa, gwamna Rotimi Akeredolu ya ce motar na cikin ayari ne ta samu matsala a hanya. Wadda ta tashi a unguwar Bodija ta Ibadan a Janairun 2024 kuwa, gwamnatin jihar ta ce masu haƙar ma'adinai ne suka jibge ta a cikin gidan zama. Kai da kake Zamfara inda haƙar zinariya ta yi yawa, in ka ga ana sauke irin wannan kaya a gidan haya ba kaki ba takarda, ka sanar da mai unguwa ko DPO tun da wuri.

Masu tambaya kan rakiyar kayan zaɓe daga rassan Babban Banki zuwa ƙananan hukumomi 774, saƙonninku sun iso, wuri ne ya ƙare, da su za mu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.